Kwalin Dabino a Kan Firij

Azumin bana da sanyinsa ya zo. Shekaranjiya har yayyafi aka yi a nan unguwar Al Nahda ta Dubai, na buɗe taga na bar iska tana shigowa, ban kunna esi ba tun safe. Duk da haka wajen la'asar 'yata Ummi ta zo ta zube a kujera tana cewa maƙogwaronta ya bushe, wai wannan azumin ba za ta kai ba. Na dube ta na yi dariya. Ana cikin haka aka buga ƙofa, aka miƙo mana kwalin dabino daga ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna nan, an nannaɗe shi da salatif mai ruwan ƙasa irin na 'yan kago masu aika kaya gida. Ina ɗora shi a kan firij sai na tsaya da hannuna a kai. Na taɓa ajiye irinsa a kan wani firij ɗin, a wani azumi da bai yi kama da wannan ba ko kaɗan.

Lokacin Ummi tana goye. Muna zaune a Hor Al Anz, a wani filat da aka yayyanka da katako aka mai da shi ɗakuna, kowa yana jin tarin maƙwabcinsa. Azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Zafin Kano busasshe ne, ka shiga inuwa ka samu sauƙi. Na nan jiƙaƙƙe ne, kamar ka kara fuska a kan tukunyar tuwo tana tafasa. Ruwan famfo daga tankin saman bene yake saukowa, da rana ko yatsa ba ka iya sa masa, don haka da asuba muke tara shi a bokitai mu jera a banɗaki ya huce. Da shi za a yi alwala, da shi za a yi wa yarinya wanka har magariba. Ga tsawon yini. Ka ji kamar tun jiya ka yi sahur, ka duba agogo ka ga azahar ma da saura.

Maigidana akanta ne, da Akanta ma kowa yake kiransa. Kamfanin da yake yi wa aiki ya rufe tun watanni kafin azumi, bai gaya wa kowa ba sai ni, ni ma sai da ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Mutum ne mai tsananin son rufin asiri. Kullum da safe zai goge farar riga ya tsuke, ya ɗauki jaka ya fita kamar mai zuwa ofis. Yini yake yi yana bin ofisoshi da takardunsa, in rana ta yi masa yawa ya shiga tashar jirgin ƙasa ya sha sanyin esi, ba zai dawo ba sai lokacin da ma'aikata suke dawowa.

A hannuna tukunyar ƙungiya take. Kowane azumi ni da maƙwabciyata Rakiya, 'yar Damagaram, muke dafa wa mutanenmu da suka maƙale a garin nan: wanda aka yi wa alkawarin aiki ya zo bai tarar ba, wanda bizarsa ta ƙare, da masu ɗaurin kaya a Deira da ba kullum suke samu ba. Bayan azahar mu jiƙa tsamiya, mu markaɗa geron da 'yan kasuwa suke rako mana da shi daga gida, mu surfa wake. Da la'asar Rakiya ta hau suyar ƙosai, ni ina dama kunu, gumi yana bin bayanmu har cikin zani. Da magariba su zo su cika falo da baranda su sha ruwa, sannan kowa ya tafi da robar shinkafa da wake da mai da yaji. Wannan robar ita ce magana. Masallatan unguwa suna ciyarwa da magariba, Allah ya saka musu da alheri, amma sahur ba mai ba ka. A shekarun baya don lada nake dafawa. A wannan shekarar ina dafawa ne don mu ma mu ci, kuma daga ni sai shi muka san haka.

Kayan girkin kuwa wani tsohon Balarabe ne yake bayarwa, mai babban shagon kayan abinci a Deira. Baba Yalla muke ce masa, don ba ya gama magana bai ce yalla ba, wato maza a tafi. Shi ba ruwansa da takarda. Duk farkon azumi shugaban ƙungiya zai je, ya kama hannunsa ya riƙe, ya ce amana, shugaba ya ce amana, shi ke nan a loda shinkafa da wake da mai da sukari a mota. Hannun shugaba kawai ya sani.

To a wannan shekarar zaɓen shugaba ya faɗo daf da azumi. Mutum biyu ne suka fito: Alhaji Sani mai kago, 'yan kasuwa suna bayansa, da Injiniya Bashir, masu albashi da ɗalibai suna bayansa. Aka kama wani ɗakin taro a Al Khabaisi, a saman ofishin kago. Tun kafin a fara esi ya mutu. Aka ɓata rabin yini ana musu kan ko ɗan kasuwar da ya shigo da bizar ziyara yana da ƙuri'a. Da ƙyar aka jefa ƙuri'un a cikin kwalin dabino da aka huda wa baki, mutane suna fifita da hulunansu. Na ƙarshe yana jefawa maigadi ya hau yana karkaɗa makullai, wai lokacinmu ya cika, ga kuma waya tana ta shigowa cewa an ga wata. Kowa ya miƙe yana neman takalminsa. Malam Isa, dattijon da yake shugabantar majalisar ƙungiya, ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba ƙarshen kowane taro, ya yi addu'a, aka shafa Fatiha, ya ce an ɗage zama sai bayan Sallah. Sai da aka sauko ƙasa wani ya ce, to kwalin fa?

A nan aka tsaya cirko-cirko a bakin titi. Kundin tsarin mulkin ƙungiyar ya ce majalisa ce kaɗai take ƙirga ƙuri'a ta bayyana shugaba. Ya kuma ce majalisa ba ta zama a cikin azumi, saboda wata shekara da masu azumi suka yi taro har aka kai ga jifa da takalmi. Wa'adin tsohon shugaba kuwa ranar zaɓe yake ƙarewa, shi ma yana da jirgin Umra a washegari. Aka nannaɗe kwalin da salatif, Alhaji Sani da Injiniya suka sa hannu a kai, aka dube ni. Wai ni ce ba ni da ɓangare, kuma kowa yana zuwa gidana. Na rungumo shi a tasi, Ummi a baya, na ɗora a kan firij don kada yara su taɓa.

Na ɗauka kwana biyu za a zo a buɗe. Ashe ban san halin Malam Isa ba. Mutumin kirki ne, shi yake yi mana wankan gawa da raɗin suna, amma in ya kafe ya kafe. Da Injiniya ya je masa, cewa ya yi, "Na shafa Fatiha a gaban jama'a. Fatiha ba wasan yara ba ce. Majalisa ta tashi, khalas, shi ke nan." Injiniya ya buɗe masa kundin a waya, ya ce dokar hana zama an yi ta ne don muhawara da kafa doka, ƙirga kuwa aiki ne da aka ɗora wa majalisa a wuya, ba ya sauka sai an gama shi. Malam ya ce shi bai ga inda aka rubuta haka ba. Alhaji Sani kuma ya tsaya bayan Malam da ƙarfinsa, yana cewa a bi doka. Kowa ya san dalili. Yawancin mutanensa sun tafi gida da kayan Sallah kafin zaɓe, ya riga ya saddaƙar ya faɗi, yana so a ja lokaci su dawo ya nemi a sake.

Ranar farko ta azumi su biyun suka je wajen Baba Yalla, kowa da motarsa, kowa ya miƙa hannu. An ce tsohon ya dubi wannan hannu ya dubi wancan, ya sa nasa a aljihu. Ya ce shi hannu ɗaya ya sani, su je in sun zama mutum ɗaya su dawo, yalla.

Goman farko muka lallaɓa da ragowar bara da ɗan abin da mata suka haɗa. Kasuwa ba ta yi daɗi a shekarar ba, kwantenoni sun maƙale, masu albashi kuma gida yana jiransu da hidimar azumi. Ƙosai ne ya fara tafiya, don mai ya ƙare. Sannan kunu ya fara tsinkewa, kullum ina ƙara masa ruwa ina tsamiya ta rufa mini asiri. Robar sahur ta koma rabi. Alhaji Sani ya aiko da buhunan shinkafa da sunan kamfaninsa a jiki, mutanen Injiniya suka ce sayen ƙuri'a ne tunda yana neman a sake zaɓe, Malam Isa ya aiko a mayar. Ina tsaye aka sake saɓa su aka sauka da su. Na ce a raina, wato majalisar da ba ta da ikon buɗe kwali tana da ikon mayar da shinkafa. Rakiya ta riƙe ƙugu ta ce, "Bon, ni dai a garinmu ban taɓa ganin an kori abinci daga gidan masu yunwa ba."

Da aka shiga goman tsakiya robar sahur ta tsaya gaba ɗaya. Mutane su sha kunu, su ɗan daɗe a zaune suna kallon ƙofar kicin, sannan su tashi su yi godiya. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo. Sauran sukan tsaya a masallaci su ɓoye ɗan abin da suka samu na asuba. Maigidana ba zai iya ba. Ya ce Akanta a layin abincin sadaka, gobe labari ya kai Kano.

Da asuba zan zuba mana ɗan abin da na kankare, sai ya turo mini kwanon ya ce, "Ci, Maman Ummi, ke ce mai shayarwa. Ni cikina a cushe yake." Ya ci dabino biyu ya sha ruwa ya yi niyya. Na san ƙarya yake yi, ya san na sani, muka bar ta a haka. Ruwan nono ya ja baya duk da haka, Ummi ta kama ta saki ta yi ta kuka. Wata ranar ya dawo leɓensa duk ya tsage, ya zauna a ƙasa bakin ƙofa zai kwance igiyar takalmi, ya kasa. Na durƙusa na kwance masa. Da na ɗago, idona ya sauka a kan kwalin, yana zaune a kan firij da sa hannun manya biyu a jikinsa. Ban taɓa jin na tsani wani abu marar rai kamar yadda na tsani kwalin nan ba.

Washegari na kira Malam Isa. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, ajiyarku ta ishe ni. Yau ku zo ku sha ruwa a nan, ku da 'yan majalisa da su Alhaji, ku tafi da kayanku. In ba ku zo ba gobe zan sauko da shi in ajiye a bakin titi." Ya ce, "Maman Ummi, azumi ne fa." Na ce ai shi ya sa.

Suka zo kuwa, da manyan riguna da turare, suka zauna a tabarma tare da mutanenmu na kullum. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Kunun da ake hango gindin kofi ta cikinsa, da dabino ɗai-ɗai. Aka kira salla, aka sha, aka yi magariba. Suka dawo suka zauna suna jiran a fito da abinci, na fito da kwalin na dire a tsakiyar tabarma na koma bakin kicin na tsaya.

Musu ya tashi daga inda aka bar shi. Injiniya ya sake karanto sashensa, wani ɗan majalisa ya karanto nasa. Malam Isa yana jan carbi yana cewa in aka buɗe ƙofar zama bayan Fatiha, gobe kowa zai tara mutum uku a ɗakinsa ya ce shi ne majalisa. Gaskiya wannan maganar tasa ba shirme ba ce, ni ma na ji ta. Sai Alhaji Sani ya gyara zama ya ce, "Habibi, a daina tayar da hankali. Wa yunwa ta taɓa kashewa a Dubai? Masu zuwa nan yaran da suka ƙi komawa gida ne. Ga masallatai nan, kowa ya je. Magidanci mai mutunci ai ba tukunyar nan yake jira ba. Shwaiya shwaiya, sannu a hankali, bayan Sallah a yi komai a tsanake, inshallah."

Yaran da yake nufi suna zaune a gefensa, kowa ya sunkuyar da kai. Na saki labulen kicin na tako, bakina a buɗe, alkawarin da na yi yana gaba ina bin sa zan tattake. Maigidana yana can ƙarshen tabarma da farar rigarsa. Ya ɗago ya dube ni, ya gane abin da zan faɗa. Ya ɗan ɗaga mini hannu.

"Alhaji," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ni ma da tukunyar nan nake buɗe baki. Da ita nake sahur, da ita matata take shayar da 'yata. Aikina ya tafi tun kafin azumi. Rigar nan da kuke gani guga ce kawai."

Wannan fa shi ne mutumin da shekara da shekaru shi yake duba wa ƙungiya lissafi kyauta, wanda in ana neman mai rufin asiri shi ake nunawa. Na so ƙasa ta buɗe ta rufe mu tare, kuma ban taɓa jin girmansa a raina kamar lokacin ba.

Malam Isa ya ajiye carbi. Sannan ya ce, "Injiniya, sake karanta mini wurin." Injiniya ya karanta a hankali. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Na ji. Fatihar da na shafa muhawara ta rufe. Ba ta sauke mana amanar mutanen da suka jefa takardun nan ba. Ko da na ɗage zama aka zo aka ce an yi rasuwa, ai ba zan ce sai bayan Sallah ba." Ya dubi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya musa. Ya ce ba za a tattauna komai ba, ba za a yanke komai ba, ƙirga kawai za a yi a tashi. Ya juyo wajena ya ce, "Maman Ummi, a taimaka mana da wuƙa."

Wuƙar yankan albasa na kawo. Ya nuna wa 'yan takara sa hannunsu, suka ce shi ne, ya farke salatif ɗin. A kan farantin da nake jera ƙosai aka zazzage takardun, duk sun yi laushi da tururin kicin, suna warin dabino. Yana ɗagawa yana karantawa da ƙarfi, ana ajiye na wannan dama, na wancan hagu. Tun ba a kai rabi ba na ga Alhaji Sani ya daina kaɗa ƙafa. Tarin damansa sai hawa yake yi. Ashe ɗaliban da ake lissafa wa Injiniya da yawansu shi suka zaɓa, don shi yake kai musu saƙo gida ba ya karɓar komai. Alhaji Sani ne ya ci, da rata mai faɗi. Tun daren da aka ga wata shi ne shugaba, yana zaune a kan firij ɗina.

Injiniya ya miƙa masa hannu ya yi masa murna. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya dubi farantin, ya dubi kofunan kunu, ya dubi maigidana. Da safe ya je ya kama hannun Baba Yalla. Lif ɗin gidanmu a lalace yake, ga yaransa a tsaye, amma ya tuɓe babbar riga ya saɓa buhun farko da kansa, da azumi a bakinsa, ya hau da shi bene yana haki. Ya dire a kicin ya ce, "Hajiya, a yafe mu." Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ban ce da daɗin rai na faɗa ba. Ranar Rakiya ta soya ƙosai har maƙwabtanmu Indiyawa suka leƙo.

Bayan Sallah majalisa ta gyara kundin, aka rubuta cewa ba a shafa Fatiha sai an ƙirga. Maigidana bai samu aiki ba sai da sanyi ya shigo. Mutane da yawa sun so taimaka masa, wasu ya karɓa, wasu ya ƙi. Ya daina guga da fitar safe, ya zauna a gida yana riƙe mini Ummi ina girki. An daɗe kafin ya koma zama a sahun gaba a taro.

Yanzu tukunyar tana hannun wasu matan, da manyan tukwanen gas da motar rabo. Malam Isa ya koma gida, Baba Yalla ya rasu, ɗansa ne yake bayarwa, shi kuma takarda yake so da hatimi. Shekaranjiya da maigidana ya dawo daga ofis ya hango kwalin a kan firij, bai ko ajiye jaka ba ya ce wa Ummi ta kawo wuƙa. Ta ce, "Baba, ai akwai wani a buɗe." Ya ce ta dai kawo.

Har yau bai taɓa tayar da maganar ranar nan ba, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba. Da aka kira salla na zuba wa Ummi kununta daga sama. Nasa na sa ludayi har ƙasan tukunya, inda ya fi kauri, kamar yadda nake yi kowane azumi tun daga wancan.